Mai Ƙirga Hayaƙi a Gidan Inna Dudu

Mansura 'yar Zariya ce, kuma tun da Lukman ya aure ta ba ta taɓa kwana a garinsu ba. Sukan zo Wara da salla, su gaida mahaifiyarsa Inna Dudu, su ci abinci, la'asar na yi su kama hanya. Tsakaninta da surukarta babu komai sai gaisuwa a durƙushe da sunkuyar da kai. Inna takan amsa a hankali tana kallon wani wuri, ta tura mata kwanon fura, shi ke nan.

Sai aiki ya kawo ta. Mansura ta karanta ilimin muhalli, tana aiki da wani ƙaramin ofishi a Kaduna da kamfanonin wutar lantarki ke ba kwangila. Kowace shekara kamfani kan fitar da rahoton yawan iskar da aikinsa ya saki sama, irin wadda ke ƙara ɗumamar duniya. Masu ƙona gas nasu a fili yake, sai a duba abin da suka ƙona. Masu samar da wuta da ƙarfin ruwa kuwa sun daɗe suna ganin ba su da abin faɗa, tunda ruwa ba ya hayaƙi. Amma masu zuba jari suka fara tambaya: to tafkin da aka tare fa? Ciyawa da ganyen da ke ruɓewa a ƙasansa suna fitar da iska. Aka ce a je a auna. Mansura aka ba ɓangaren arewa na tafkin Kainji, daga Wara har wajen Yauri.

Lukman ma'aikacin jinya ne, ba shi da halin barin asibiti. Da ta yi maganar masauki, dariya ya yi.

"Masauki a Wara, ga gidanmu? Kina so Inna ta ce na raina ta?"

Nan take ya kira uwarsa ya shaida mata. Inna ta yi murna, sannan ta tambaya wane irin aiki ne ke kawo mace bakin ruwa. Lukman yana sauri zai fita, sai ya ba ta amsar da ta fi gajarta.

"Hayaƙi take ƙirgawa, Inna. Duk abin da ya tashi sama su auna, su rubuta, a kai wa manya."

Inna Dudu ta ajiye wayar ta zauna. Sana'arta bandar kifi ce, tun tana amarya. A bayan gidanta akwai manyan murhunan laka, wuni suke suna hayaƙi, har bangon ya yi baƙi ƙirin. Duk unguwar babu gidan da ya kai nata hayaƙi. Ta yi ta juya maganar a ranta. In yarinyar ta zo ta gani ta rubuta, ta tona gidan mijinta da hannunta. In ta ɓoye saboda kunyar suruka, wata rana a gane a kore ta daga aiki. Inna ba ta son ko ɗaya. Tambayar yarinyar kuwa ba ta ma zo mata a rai ba, ina ita ina zama da matar ɗanta ana tattauna irin wannan?

Kafin ranar zuwan baƙuwa ta kashe murhunan duka. Ta kwashe toka, ta lulluɓe su da tsofaffin zana, ta jera ƙwarya a kai kamar dama wurin ajiya ne. Har murhun girki ba ta bari ba. Ta kwashi tukwane da hatsi ta kai gidan maƙwabciyarta Ladidi, ta ce a can za a riƙa dafa abinci a miƙo ta katanga.

Mansura ta iso da akwatunan kayan aiki cike da bayan mota. An share mata ɗakin Lukman, an shimfiɗa sabon zanen gado, an ɗaura gidan sauro. Ta ji daɗi. Amma da aka kwana biyu sai ta lura da abin da ya tsaya mata a rai. Ba a ɗora tukunya a gidan. Tuwo daga maƙwabta, kunu daga maƙwabta, har ruwan zafin wanka ta katanga ake miƙo shi. Wata safiya ta ɗauki ashana ta nufi kicin, ta ce bari ko shayi ta dafa wa Inna. Tsohuwar da ba ta taɓa ɗaga mata murya ba ta taso da sauri har zanenta na kwancewa.

"A'a! Kak ki hura wuta! Aje, aje!"

Mansura ta ajiye ashanar ta koma ɗaki. Ta kira Lukman.

"Ina ganin Inna ba ta son girkina. Ita ma ba ta girka min ba tun da na zo."

"Haba, Mansura. Inna da ke tambayata ke kafin ta tambaye ni lafiyata?"

"To me ya sa?"

Shi ma bai sani ba. Ya ce zai tambaya, ta roƙe shi kada ya yi.

Sai ta ba aikinta ƙarfi. Kawu Cindo, ƙanen Inna, shi ke da jirgin ruwa mai inji, shi ya ɗauki nauyin kai ta. Dattijo ne mai furfura a gemu, mai son hira, amma da ita sai ya zama ba ya cewa komai in ba "riƙe da kyau" ba. Ranar farko Mansura ta sa rigar ruwa mai hana nutsewa ta ƙanƙame gefen jirgin har yatsunta suka yi tsami. A hankali ta saba. Kayan aikin ba wasu masu ban tsoro ba ne. Akwai wata roba kamar bahon wanki da ake kifawa a kan ruwa ta yi ta iyo, iskar da ta taru a ciki a zuƙe ta da sirinji a ɗura a 'yan kwalabe. Akwai kuma manyan mazurarai da ake ratayawa a kife a cikin ruwa, a ɗaure da jarka, su tare ƙwayoyin iskar da ke tasowa daga laka.

A bakin ruwa ma abin bai yi mata daɗi ba. In ta doso, mata sai su yi shiru. Ta taɓa ganin wata tana watsa wa murhunta ruwa da sauri don ta hango ta. Mansura ta ɗauka baƙunta ce, ko kuma wandon aiki da take sawa a ƙarƙashin hijabi.

Kifi kuwa bai daina zuwa gidan Inna ba. Lokacin kaka ne, ruwa na cika, masunta da suka saba kawo mata ba su da inda za su kai. Ta karɓa, ta yanka, ta barbaɗa gishiri, ta shanya a kan rufin akurkin kaji da kan igiya. Ƙananan sun bushe. Amma tarwaɗa mai kitse ba ta jin rana. Ƙudaje suka fara taruwa, wani wari ya fara zagayowa daga bayan gida, Inna na ta kunna turaren tsinke a ɓoye, shi ma tana fifita hayaƙinsa da mafici kada ya tashi.

Ladidi ce ta gaji. Wata la'asar Mansura ta je katanga karɓar abinci, sai matar ta riƙe kwanon ba ta saki ba.

"Ke ɗiyar nan, don Allah yaushe za ki ƙare ƙidayar taki?"

"Wace ƙidaya, Baba Ladidi?"

"Ta hayaƙi mana. Tsohuwar ga ta kashe murhunta sabili da ke. Kifinta na can na ruɓewa, ta hana kowa ya gaya miki. Ni kam na gaji da ɗora tukunya biyu. In rubutawa za ki yi, rubuta nawa, ga shi nan yana tashi, ban ɓoye ba. Ki ƙyale ta."

Mansura ta tsaya baki buɗe. Sai abubuwan suka haɗu mata gaba ɗaya: ashanar, abincin katanga, matan bakin ruwa. Ta bar kwanon a hannun Ladidi ta zagaya bayan gida, inda ba ta taɓa shiga ba saboda kullum akwai zana a tare.

Inna Dudu na zaune a kan kujera 'yar tsugunno, baho a gabanta. Tana ɗaga kifi ɗaya ɗaya, ta shinshina, ta jefa wanda ya lalace gefe. Tarin gefen ya fi na cikin bahon yawa. Da ta ga Mansura sai ta yi wuf ta ja zanenta ta rufe, kamar yarinyar da aka kama.

Mansura ta durƙusa a gabanta, a kan ƙasar da ta jiƙe da ruwan kifi.

"Inna, me ya sa ba ku tambaye ni ba?"

Inna ta kau da kai. "Ba komi, ɗiyata. Rana ce ba ta yi ba bana."

"Baba Ladidi ta gaya min."

"Ladidi bakinta bai da ƙofa." Sannan ta ce a hankali, "Lukman yac ce hayaƙi kike ƙirgawa. Nic ce kada ki zo gidanku ki iske abin da za shi sa ki kunya wurin manyanki."

Hawaye suka cika idon Mansura, dariya kuma na neman ƙwace mata, ta rasa wanda za ta bari ya fito.

"Inna, ba naku nake aunawa ba. Wallahi ba naku ba. Kamfanin da ke yin wuta ne aka ce ya faɗi nasa. Shi zai yi bayanin abin da aikinsa ke fitarwa, kowa ya gani. Babu wanda ya aiko ni gidan kowa. Ko na so in sa murhunku a ciki, babu wurin sa shi."

"Ba za a hana mu ba?"

"Babu mai hana ku. Ni kuma ina can ɗaki ina kuka, na ɗauka ba ku son cin abincin hannuna."

A nan ne Inna ta juyo ta dube ta sosai, karon farko ido cikin ido.

"Ni? Ni Dudu? Innalillahi! Kai, Lukman, Allah shi shirye ka."

Mansura ta share idonta. Ta tashi ta fara sauke ƙwaryar nan, ta janye zana, ta kwaso itace ta cusa a murhu. Ba ta taɓa hura irin wannan ba. Ta cika shi da ɗanyen itace, ta tanƙwara tana busawa, hayaƙi ya turnuƙe ta, ta yi ta tari hawaye na zuba. Inna ta tsaya tana kallo, ta toshe baki da gefen zane, daga baya abin ya fi ƙarfinta ta fashe da dariya har tana dafa bango.

"Kauce, kauce, 'yar boko, kada ki gasa kanki. Ba haka aka yi ba. Busasshe ƙasa, ɗanye bisa."

Suka ceci abin da za a iya ceta. Kafin magariba labari ya zagaya unguwa, Ladidi ce ta kai shi gida gida. Washegari matan bakin ruwa suka amsa gaisuwar Mansura da ƙarfi, wata ma ta cusa mata ƙullin busasshen kifi a jaka. Kawu Cindo kuwa bakinsa ya buɗe, har sai da ta riƙa roƙonsa ya dakata ta gama ɗura kwalba.

Da safe suna karyawa, Inna ta ce, "To in ba hayaƙi ba, mi kike nema cikin ruwa tun da kinka zo?"

"Ku zo ku gani, Inna."

Mansura ba ta zaci Inna za ta yarda ba. Sai ga tsohuwa ta fito da mayafinta na zuwa unguwa. Ta ƙi rigar ruwa, ta ce a ruwa aka haife ta. Mansura ta ce dokar aikinsu ce, in aka ji wani ya shiga ba riga ita za a yi wa faɗa. Inna ta miƙa hannu ba musu, aka ɗaura mata.

Suka yi nisa, gari ya koma ɗan layi a bayansu. Kawu Cindo ya rage inji a wajen wata jarka ruwan ɗorawa da ke iyo. Ruwan a kwance yake lumus. Can sai ga 'yan ƙwayoyin iska suna tasowa suna fashewa, kamar tukunyar da ta fara tafasa. Mansura ta jawo igiya, ta zuƙi iskar da mazurari ya tara a sirinji, ta cika kwalabenta. Da ta gama sai ta bar ragowa, ta sa Kawu ya kashe inji, ta koma can gaban jirgi nesa da jarkar mai. Ta ƙyasta ashana, ta matsa sirinjin a hankali. Wata 'yar wuta shuɗiya ta kama a bakinsa, ta yi rawa kaɗan, ta mutu.

"La'ilaha illallahu!" in ji Inna. "Wuta daga ruwa?"

"Ita ce, Inna. Ba ta da launi, ba a ganinta, amma in ta hau sama tana riƙe zafi. Ita muke son mu san yawanta."

Inna ta ɗaga kai. Tana duban tsaunin da ke gabas, sannan ta dubi wani tsibiri, ta sake duban tsaunin.

"Cindo, ba nan ne ba?"

"Nan kusa ne, Yaya. Haka su Baba sunka nuna man."

Inna ta juya wajen Mansura. "Garinmu na nan ƙasa. Tungar Mati. Ina yarinya anka tashe mu da za a tare ruwa, wanga yana goye." Ta nuna Kawu da haɓa. "Akwai tsamiya tsakar gari, a nan muke wasa. Innata na da gonar albasa bakin gulbi. Ranar da munka tashi ta so ta ɗauki dutsen niƙanta, Baba yac ce jirgi ya yi nauyi. Har ta rasu tana cewa ba ta sake samun dutse mai laushinsa ba."

Mansura ta ajiye sirinjin. Lukman bai taɓa ba ta wannan labarin ba, wataƙila shi ma bai san na dutsen ba.

"Iskar ga," in ji Inna, "itatuwanmu ne ka ruɓewa?"

Mansura ta so ta ce e, don ta ga kamar haka tsohuwar ke son ji. Amma ta faɗi abin da ta sani.

"An daɗe sosai, Inna. Yawancin na wancan lokacin sun riga sun ƙare. Na yanzu ciyawa ce da kainuwa da ganyen da gulbi ke kwasowa duk shekara. Sai dai ba zan rantse babu ko kaɗan na tsamiyarku a ciki ba. Itace mai tauri yana jimawa a ƙarƙashin ruwa."

Inna ta gyaɗa kai, amsar ta yi mata. Ta tsoma hannu a ruwan ta bar shi ya ɗan jima.

"In manyan sunka ji akwai iska, za su buɗe ruwan ya tahi?"

"A'a, Inna. Sani kawai ake so a yi, a faɗa wa mutane gaskiyar yadda abin yake. In akwai dabarar ragewa, a nema."

"Madalla." Ta share hannunta a zane. "Su bar shi. Mun yi kuka da anka kawo shi, amma kifinsa ya raini Lukman har yay yi karatu. Ni kam na tsufa da sake ɗaukar kaya."

A hanyar komawa ta zauna kusa da Mansura, tana riƙe mata akwatin kwalabe a cinya kamar ƙwai, tana yi wa Kawu faɗa duk lokacin da jirgi ya daki igiyar ruwa.

Da aikin ya ƙare Mansura ta koma Kaduna. Aka auna iskar a ɗakin gwaji, aka haɗa da ta sauran sassan tafkin. Abin da aka samu bai kama ƙafar na tashoshin da ke ƙona gas ba, amma kuma ba a ce babu ba, haka aka sa shi a rahoton shekara. Aka kuma ce a sake aunawa in ruwa ya ja baya, don iskar kan ƙaru a lokacin.

Da lokacin ya zo Mansura na da ciki, har ya fito. Ta zo Wara tare da wani abokin aikinta, Joshua, mutumin Zuru mai yawan ladabi. Likita ya ce tana iya shiga jirgi in ruwa a kwance yake. Inna Dudu ta saurari bayanin likitan har ƙarshe, sannan ta ce likitan bai san tafki ba.

"Ba inda za ki. Ki zauna inuwa ki riƙa karɓar kwalabe."

"Inna, aikin na mutum biyu ne. Wani na jan igiya, wani na riƙe sirinji."

"To ni mi nike?"

Joshua ya dubi Mansura, Mansura ta dubi ƙasa tana danne dariya. Ta kira ofis, aka ce in dai Joshua ne zai ɗura kwalabe ya rubuta, kowa ma zai iya jan igiya.

Haka aka yi. Aka shimfiɗa wa Mansura tabarma a ƙarƙashin wata bishiya a bakin ruwa, Ladidi ta zauna kusa da ita tana ɓare gyaɗa. Inna ta hau jirgi da kanta, ta ƙi hannun da Joshua ya miƙa mata. Kawu Cindo ya tada inji. Ba su yi nisa ba Mansura ta ji muryarta ta taso a kan ruwa, tana gaya wa Joshua ya riƙe akwatin da hannu biyu, ba haka ɗiyarta ke yi ba.

"Yau wanga yaro ya shiga uku," in ji Ladidi, ta zuba wa Mansura gyaɗa a tafin hannu.